Darasi na Bakwai: Zaɓen Tayar Keke da Ruwan Liƙi Don Kwalta da Burji

Duk kayan da ke jikin keke, tun daga sirdi har zuwa sarƙa, babu wanda ke taɓa ƙasa sai taya, kuma ita ma ɗan wuri ne ƙanƙani daga cikinta ke taɓawa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Ana iya lissafa girman wannan wuri cikin sauƙi, domin iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗaukar nauyi, robar kuwa jaka ce da aka ɗura iskar a ciki. Ma'aunin matsin iska shi ake kira bar, kuma bar 1 ya yi kusan daidai da nauyin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Saboda haka idan mutum da kekensa suka kai kilo 80, ƙafar baya ta ɗauki kimanin kilo 45 daga ciki, aka kuma hura tayar har bar 5, to wurin da ke manne da ƙasa bai wuce murabba'in santimita 9 ba, wato kamar rabin fuskar kwalin ashana. A kan wannan ɗan wuri ake kama birki, a kansa ake shan kwana, kuma ta nan ƙaya take shiga.

Tayar iska ta girmi keken da aka sani a yau. Wani ɗan Sukotilan mai suna Robert William Thomson ya yi rajistar fasaharta a shekarar 1845, amma ba ta karɓu ba, sai da John Boyd Dunlop, likitan dabbobi mazaunin birnin Belfas, ya sake ƙirƙiro ta ya yi rajista a 1888, bayan ya gwada ta a kan keken ɗansa mai ƙafa uku. Tayar Dunlop manne take da rim, wato zoben ƙafar keke, faci ɗaya kan cinye sa'o'i, har zuwa 1891 da André da Édouard Michelin na garin Clermont-Ferrand a Faransa suka fito da taya mai ciruwa, wadda Charles Terront ya hau ya lashe tseren Paris zuwa Brest da dawowa a wannan shekarar. Tun daga wancan lokaci masu ƙera taya ke fama da abu guda, wato duk abin da aka ƙara wa taya don ta jure ƙaya yakan rage mata sauri, duk abin da aka rage mata don ta yi sauri yakan bar ta a hannun ƙaya. Mai saye ba zai kuɓuce wa wannan ciniki ba, iyakarsa ya san hanyar da yake bi, da nauyinsa, da irin gyaran da ke kusa da shi idan ta ɓaci.

Lambobin da ke gefen taya

Kafin a yi maganar inganci, wajibi ne tayar ta zauna a kan rim, wato zoben ƙarfen da ake ɗaura ta a kai. A gefen taya akan ga lambobi iri biyu ko uku a jere, misali 700x35C, da 28x1.40, da 37-622, kuma dukkansu taya ɗaya suke nufi. Na farko tsohon tsarin Faransa ne, na biyu tsarin inci ne, na uku kuwa na ƙungiyar masu ƙera taya da rim ta Turai ne, wadda ake taƙaita sunanta da ETRTO, aka kafa ta a 1964. Na ukun shi ne abin dogara, domin lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ce daidai inda leɓen taya ke zama. Kekunan tsere da na burji kusan duk 622 ne, wasu na burjin 584 ne, wanda ake kira 650B, tsofaffin kekunan hawan dutse kuma 559.

Lissafin inci yana da tarko wanda ya shafi kasuwannin ƙasar Hausa kai tsaye, domin iri biyu na keke ne ke haɗuwa a cikinsu. Babban baƙin keken nan na ɗaukar kaya, irin na Raleigh da Phoenix da Hero, tayarsa inci 28 ce, amma rim ɗinsa milimita 635 ne. Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai su ma ana rubuta inci 28 a tayoyinsu, alhali rim ɗinsu 622 ne. Bambancin milimita 13 ya isa ya hana wannan hawa kan wancan, ko kuwa ta hau ta yi sako-sako ta fice ana cikin tafiya. Abin mamaki ma, tayar da ake kira inci 27, mai lamba 630, ta fi inci 28 ta Turai girma. Wanda ya je kasuwa da lambar milimita a rubuce a takarda ya huta da wannan rikici.

Bayan rim sai wurin da tayar za ta juya a ciki. Ana so a bar aƙalla milimita 4 tsakanin taya da gangar jikin keke ta kowane gefe, har da fok, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar gaba, kuma inda ake shiga taɓo da damina a bar fiye da haka, domin laka kan taru ta cije ƙafar. Tsofaffin kekunan tsere masu birkin da ke matse rim galibi ba sa karɓar tayar da ta wuce milimita 28.

Abin da aka yi taya da shi

Taya tana da leɓe biyu da ke kama rim, a cikin kowanne akwai wayar ƙarfe ko kuma zaren Kevlar, wani zare mai ƙarfin gaske da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Mai waya ta fi araha da nauyi, mai zare tana naɗuwa a sa ta a jaka. Tsakanin leɓunan akwai saƙa ta zaren nailan ko auduga da aka lulluɓe da roba, kuma ita ce ainihin gangar jikin taya. Haruffan TPI da ake gani a kwali adadin zare ne a inci ɗaya na wannan saƙa. Mai 60 zarenta kauri gare shi, tana jure dutse amma ta ɗan yi tauri, mai 120 ta fi laushi da sauri, ta auduga da 'yan tsere ke hawa takan kai 320. Sai dai wasu kamfanoni kan tara zaren shimfiɗa uku su rubuta jimillar don lambar ta cika ido, saboda haka babbar lamba ba kullum take nufin lallausar saƙa ba.

A saman saƙa ake shimfiɗa robar da ke taka ƙasa, wadda idan ta yi laushi takan riƙe hanya amma ta suɗe da wuri, idan ta yi tauri ta daɗe amma ta yi santsi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. A ƙarƙashinta wasu tayoyi na da shimfiɗar kariya. Misali tayar Schwalbe Marathon Plus tana da wata roba mai kaurin milimita 5 da ƙaramar ƙaya ba ta iya ratsawa, amma mai lamba 37-622 nauyinta ya kusa giram 900, alhali tayar tsere irin Continental Grand Prix 5000 mai faɗin milimita 28 ba ta kai giram 300 ba. Malamin makarantar da ke tafiyar kilomita 10 kullum da safe, wanda faci ɗaya zai sa ya makara aji, ta farkon ta fi masa amfani nesa ba kusa ba, ko da kuwa za ta ƙara masa 'yan mintoci.

Faɗi da yawan iska

A nan ne tunanin masu keke ya fi sauyawa cikin shekarun baya-bayan nan. Daga shekarun 1990 har zuwa farkon wannan ƙarni, 'yan tseren Turai na hawa taya mai faɗin milimita 23 ko ƙasa da haka, a hura ta bar 8 ko fiye, bisa imanin cewa siririyar taya mai tauri ita ce mai gudu. Gwajin da ake yi a ɗakunan bincike ya ƙarfafa wannan imani, domin ana juya tayar ne a kan sumul ɗin gangar ƙarfe, inda ƙarin iska kullum ke rage jan baya. Haka kuma jiki yana ruɗin mai shi, saboda keken da ke karkarwa a hannu ji ake kamar yana tashi sama.

Ƙarfin da mai keke ke zubawa a feda yana salwanta a taya ta hanya biyu. Ta farko ita ce lanƙwasar roba, domin duk lokacin da wani sashe na taya ya zo ƙasa yakan lotsa sannan ya miƙe, kuma wani ɓangare na ƙarfin kan zama zafi ya tafi. Idan iska ɗaya ce a cikin taya biyu, wurin da mai faɗi ke taka ƙasa gajere ne mai kama da ƙwai, na siririyar kuwa dogo ne, saboda haka siririyar ta fi lotsawa, ta fi ɓarnar ƙarfi. Hanya ta biyu ita ce girgiza, wadda gangar ƙarfe ba ta nunawa. Taya mai tauri ba ta haɗiye tsakuwa, sai dai ta hau kanta ta ɗaga keke da mahayinsa gaba ɗaya, kuma wannan ɗagawa da ake yi sau dubbai a kilomita ɗaya tsokar jikin mahayi ce ke shanye ta. Gwaje-gwajen da aka yi a kan hanyoyi na gaske, waɗanda mujallar Bicycle Quarterly ta Jan Heine a Amurka na cikin na gaba wajen yin su, sun nuna cewa akwai iyakar da idan iska ta wuce ta, gudu raguwa yake yi, kuma gwargwadon gargadar hanya gwargwadon yadda wannan iyaka take sauka. Da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai a tseren kwalta a 2018, sai aka samu sararin sa manyan tayoyi, har ya zama a yau milimita 28 zuwa 30 ake hawa a Tour de France, a tseren Paris zuwa Roubaix kuma, inda ake bi ta kan tsofaffin hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, 32 ta zama ruwan dare.

Ga mutum mai kilo 70, wurin farawa shi ne bar 4 zuwa 4.5 a tayar milimita 28 a kan kwalta, bar 3.5 zuwa 4 a tayar 32, da kimanin bar 2.5 a tayar 40 a kan burji, mai nauyi ko mai ɗaukar kaya ya ƙara, mara nauyi ya rage, ƙafar gaba kuma a rage mata kaɗan tunda ba ta kai ta baya ɗaukar kaya ba. Wani injiniya, Frank Berto, ya yaɗa ƙa'idar cewa taya ta lotsa da kashi 15 cikin ɗari na tsayinta idan an hau. Geji da yawa da psi suke aunawa, kuma bar 1 daidai yake da psi 14.5. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne, domin yatsa ba ya bambance bar 4 da bar 6. Wajibi ne kuma a yi hattara da injin iskar mai faci, wanda aka yi don tayar mota, saboda cikin tayar keke ƙarami ne, daƙiƙa kaɗan ta ishe shi ya wuce ƙima.

Kwalta da burji

A kan kwalta zanen taya ba ya ƙara komai, hasali ma taya sumul ta fi riƙewa, domin robar da ke taɓa hanya ta fi yawa, kuma tayar keke ta yi sirantar da ruwa ba ya taruwa a ƙarƙashinta ya ɗaga ta kamar yadda yake yi wa tayar mota. Ingancin roba da daidaiton iska su ne magana. Inda kwalta ta farfashe ta yi ramuka, milimita 30 zuwa 32 ta fi dacewa in dai keken zai karɓa.

Burji kuwa, wato hanyar da aka zuba wa marmara ko tsakuwa aka danne ba tare da kwalta ba, ba iri ɗaya ba ce. Tseren da ya fi suna a wannan fanni shi ne Unbound Gravel, wanda aka fara a 2006 a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mai tsawon mil 200, kimanin kilomita 320, a yankin da duwatsunsa na ƙanƙara ne masu kaifi kamar aska, suna yanka gefen taya. A can ƙarfin saƙa ake nema. Farar tsakuwar Tuskani a Italiya, inda ake tseren Strade Bianche, laushi gare ta har ana bin ta da tayar kwalta. A yankin Sahel dutse mai kaifi bai kai ƙaya zama abokin gaba ba: ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta magarya da ake sarewa a yi shinge da su, da kuma tsidau, wanda ɗansa ke da tsinin da ko ta yaya ya faɗi sai ɗaya ya kalli sama. Tsidau ya bazu har yammacin Amurka, kuma sunan da Turawa suka ba shi ma yana nuni ne da huda taya. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin dutse tsagawa yake yi, ƙaya kuwa ƙaramin rami take bari, kuma ƙaramin rami shi ne abin da ruwan liƙi, wanda bayaninsa ke tafe, ya fi iyawa da shi.

Tayar burji takan kama daga milimita 38 zuwa 45, ƙwararru ma yanzu suna kai wa 50. A kan busasshiyar marmara da ta dannu, taya mai sumul ɗin tsakiya da 'yan ƙananan haƙora a gefe ta wadatar, haƙoran gefen suna aiki ne kawai idan an kwanta shan kwana. Rairayi faɗi yake so da ƙarancin iska, don tayar ta shimfiɗu a samansa maimakon ta nutse. Taɓo kuwa yana buƙatar dogayen haƙora masu tazara, waɗanda laka ke zubewa daga tsakaninsu. Wanda hanyarsa rabi kwalta ce rabi burji ya zaɓa bisa mafi munin rabin, domin tayar milimita 38 ba ta rage masa abin a zo a gani a kan kwalta, amma tayar 28 a kan gargada wahala ce tsantsa.

Tib da tubles

Tib, wanda wasu ke kira tif, shi ne bututun roba da ke riƙe iska a cikin taya. Baƙin da kowa ya sani na robar butil ne, mai araha, mai riƙe iska, kuma kowane mai faci na iya gyara shi da sholisho da guntun roba. Akwai na tsantsar robar itace, mai sauri amma mai tsiyayar da iska har sai an hura shi kullum, akwai kuma na wata leda da ake kira TPU, wanda nauyinsa bai wuce giram 30 zuwa 40 ba amma facinsa na musamman ne. Tib yana lalacewa ta hanya biyu, ko dai wani abu mai tsini ya huda shi, ko kuma a faɗa rami da ƙarancin iska rim ya matse shi ya yi masa ramuka biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Wannan na biyun shi ke hana mai tib rage iska yadda burji ke so.

Tubles taya ce da ke riƙe iska da kanta ba tare da tib ba, kamar yadda aka saba gani a motoci da babura. Kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, ya kawo ta ga kekunan hawan dutse a 1999, Shimano da Hutchinson suka kai ta kwalta a 2006. Tsakanin waɗannan shekaru, a 2001, wani Ba'amurke mai suna Stan Koziatek ya fara sayar da ruwan liƙi da tef na rufe rim, kuma hanyarsa ce ta zama gama-gari. Tsarin yana buƙatar abu huɗu su dace da juna: taya mai alamar TLR ko TR ko TLE, rim da aka ƙera don tubles, tef da ke rufe ramukan wayoyin ƙafa, da bawul mai robar da ke toshe raminsa. Ɗaura taya ta tib a matsayin tubles ganganci ne, musamman da iskar kwalta, domin leɓenta na iya miƙewa ya fice daga rim farat ɗaya.

Ruwan liƙi

Ruwan liƙi wani ruwa ne mai kama da madara da ake zubawa a cikin taya ya riƙa zagayawa da ita. Mafi yawansa daga ƙaron itacen roba ake yi, itacen da asalinsa na Barazil ne, wanda Tailan ta fi kowace ƙasa nomawa a yau, ana kuma nomansa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, wani kuma ƙaron na masana'anta ne. Akan sa masa sinadarin amoniya ko makamancinsa don kada ya daskare a kwalba, shi ne warin da ke bugun hanci idan an buɗe, sannan a zuba ƙananan ɓarɓashi na roba ko zare ko wani ma'adini. Idan ƙaya ta huda taya, iskar da ke neman fita takan tura ruwan cikin ramin, ɓarɓashin ya cushe a bakinsa, ƙaron ya daskare a kansu, kamar yadda jini ke daskarewa a bakin rauni. Sau da yawa mahayi ba ya ma sanin an yi, sai daga baya ya ga ɗan farin tabo a kan robar. Masu sayarwa kan ce ruwansu na toshe rami har milimita 6, amma abin da za a dogara da shi a aikace shi ne milimita 2 zuwa 3.

Yawan iska yana da tasiri a nan. A bar 2.5 ruwan na samun sararin daskarewa, a bar 5 ko 6 kuwa iska kan fesar da shi waje, ya ɓata keke da tufafi, kuma ramin ba ya toshewa sai matsin ya sauka. Wannan ne ya sa amfanin tubles a burji ba ya buƙatar gardama, a siririyar tayar kwalta da ba ta kai milimita 28 ba kuwa wahalarsa ta kusa fin ribarsa. Akwai wani jinsin ruwan da ba shi da ƙaro, zaruruwa ne a cikin wani sinadari mai yauƙi, irin koren nan na Slime, wanda ya fi daɗewa bai bushe ba amma toshewarsa ba ta kai ta ƙaro ƙarfi ba. Irinsa akan ɗura a cikin tib ta bawul, kuma wannan matsakaiciyar hanya ce mai kyau ga mai keken da rim ɗinsa ba na tubles ba ne, sai dai faci ba ya kamawa a kan tib ɗin sai an wanke wurin ya bushe sarai.

Tayar kwalta na shan mililita 30 zuwa 60, ta burji 60 zuwa 90, sabuwar taya kuma ta fi sha domin saƙarta na tsotse wani abu. Dole a girgiza kwalbar sosai kafin a zuba, in ba haka ba ɓarɓashin ya zauna a gindi a zuba tsiyayen ruwa. Mai manyan ɓarɓashi ba ya wucewa ta bawul, sai an buɗe gefen taya an zuba kai tsaye. Ba a haɗa ruwan kamfani biyu, domin sinadaransu na iya sa juna tsinkewa su dunƙule, kuma 'yar kwalbar iskar kabon da 'yan tsere ke hura taya da ita tana daskarar da mai ƙaro saboda sanyinta.

Babban aibin ruwan liƙi shi ne bushewa. Kamfanin Stan's na Stan Koziatek ya ce nasa na kai wata 2 zuwa 7, amma zafi da bushewar iska ne ke yanke hukunci, saboda haka a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 kuma hunturu ke busar da komai, ƙaramar lambar ce abin lissafi, kuma duba shi duk wata shi ne daidai. Ana girgiza ƙafar kusa da kunne, in ba a ji motsin ruwa ba ya ƙafe, ko kuma a sace iska a kwance zuciyar bawul a zura siririn tsinke a ga inda ya jiƙe. Tubles da ruwanta ya bushe ta fi tib muni, domin ƙaya ɗaya za ta zaunar da ita, kuma mai facin ƙauye ba lallai ne yana da abin gyara ta ba.

Ɗaurawa da gyara a hanya

Ana goge cikin rim da tsumma har maiƙo ya fita, a naɗa tef ana ja da ƙarfi ana danna shi da yatsa don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi, a bar ƙarshensa ya hau kan farkonsa da kamar santimita 10, sannan a huda ɗan rami daidai wurin bawul a zura shi a ɗaure da hannu. A sa tayar ana lura da kibiyar da ke nuna inda za ta juya, a tura leɓunanta cikin kwarin tsakiyar rim don su samu sassauci, a shafa musu ruwan sabulu, a hura da sauri. Za a ji ƙara tas, tas, yayin da leɓunan ke hawa mazauninsu, kuma siririn layin da ke gefen taya zai fito daidai wa daida a duk zagayen. Daga nan sai a sace iskar, a kwance zuciyar bawul, a ɗura ruwan da sirinji, a mayar a sake hurawa, a juya ƙafar a kwantar da ita ta wannan gefe da wancan har ruwan ya shafi ko'ina. Raguwar iska a daren farko ba abin damuwa ba ne.

Wasu rim na zamani, musamman na kabon, ba su da ƙugiyar ciki da ke riƙe leɓen taya, bangonsu a miƙe yake. Ƙa'idar ETRTO ta hana a wuce bar 5 a irinsu, kuma sai da tayar da mai ƙerawa ya amince da ita. A ƙasa mai zafi wannan iyaka ta fi kusa fiye da yadda geji ke nunawa, domin tayar da aka hura bar 5 da asuba ana digiri 20, idan ta gasu a rana ta kai digiri 50, matsinta zai haura zuwa kimanin bar 5.6.

Ramin da ya fi ƙarfin ruwa akan cusa masa igiyar roba mai danƙo da wata 'yar allura mai baki biyu, ƙaramar irin wadda masu faci ke cusa wa tayar mota. Idan tsaga ce, sai a cire bawul a sa tib, a kare tsagar daga ciki da guntun tsohuwar taya, shi ya sa mai tubles ma ba ya fita ba tib da famfo. Kafin a sa tib ɗin wajibi ne a bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin tsofaffin ƙayoyin da ruwa ya toshe tun watanni suna nan a tsaye, kuma kowace ɗaya ta isa ta huda sabon tib kafin a yi taku goma.

Taya ta ƙare idan tsakiyarta ya baje ya zama shafal, ko zaren saƙa ya fara leƙowa, ko gefenta ya tsattsage saboda rana, ko ta yi ƙullutu a wani wuri, wanda ke nuna zaren ciki ya tsinke. Wasu kamfanoni na barin ƙananan ramuka biyu a fuskar robar, ranar da suka shafe ranar canji ce. Ta baya ce ke riga suɗewa saboda ita ke ɗauke da nauyi kuma ita ke tura keke, kuma idan ta ƙare akan mayar da ta gaba baya a sa sabuwar a gaba, domin fashewar tayar baya akan iya tsayawa lafiya, ta gaba kuwa tana tafiya da ikon sarrafa keken.